Waɗanda Ba Su Iya Kiɗa Ba Su Ma Suna Buƙatar Ɗaki

A shekarar 2023 kaɗai, ƙananan gidajen kiɗa 125 ne suka rufe ƙofa ko suka daina karɓar makaɗa a Birtaniya. Ƙididdigar ta fito ne daga ƙungiyar Music Venue Trust, wadda aka kafa a 2014 don ta tsaya wa irin waɗannan wurare. Idan ka raba, duk mako sai an rasa biyu har da ɗoriya. Cikin waɗanda suka tafi akwai Moles na garin Bath, wani ƙuntataccen gida da ya shekara 45 ana kiɗa a cikinsa kafin ya durƙushe a watan Disamba na waccan shekara. Kusan duk jaridar da ta ɗauki labarin sai da ta jero sunaye: a nan Oasis suka yi wasa tun ba a san su ba, a nan Radiohead, a nan Ed Sheeran. Daga nan sai a jefo tambayar da aka saba, wai in an rufe ƙananan ɗakuna, daga ina taurarin gobe za su fito?

Ina tare da masu wannan fafutuka, amma hujjar tasu tana yi mini ƙaiƙayi. Tana nuna kamar amfanin ɗakin duka shi ne mutum ɗayan nan da zai yi suna, su kuwa ɗaruruwan da suka hau dandamalin suka sauka ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsu, asara ce da aka daure aka ɗauka. Ni ina cikin ɗaruruwan nan. A tsakiyar shekarun 2000, ina ɗalibi a arewacin Ingila, na riƙe jitar bes a wata ƙungiyar punk wadda ko uwar da ta haife mu ba za ta iya rantsuwa cewa mun iya kiɗa ba. A ganina saboda irinmu ne ya kamata a ceci ɗakunan nan. Ed Sheeran ko da ɗaki ko babu, da wuya a ce bai nemo hanyarsa ba.

Ga wanda bai taɓa jin wannan kiɗa ba, bayaninsa ba shi da tsawo. Jita ɗaya ko biyu, bes, ganguna, sai mai waƙa wanda ihunsa ya fi rerawarsa yawa. Waƙa ba ta cika wuce minti biyu ba. Abin ya taso ne a tsakiyar shekarun 1970 a New York da Landan, a lokacin da kiɗan rock ya koma sana'ar attajirai masu cika filin ƙwallo, masu yawo da manyan motocin kaya, waɗanda waƙarsu ɗaya kan ci minti ashirin. 'Yan Ramones sun fara wasa a 1974 a wani gida mai suna CBGB da ke unguwar Bowery, kuma faifansu na farko da ya fito a 1976 waƙoƙi 14 ne cikin minti 29, an ɗauke shi da kimanin dala 6,400. A Ingila kuwa marasa aikin yi sun haura miliyan guda, gwamnati na neman bashi wurin Asusun Lamuni na Duniya, matasa na zaman kashe wando. A farkon 1977 wata 'yar mujalla ta hannu mai suna Sideburns ta zana hanya uku ta ɗora yatsu a wuyan jita, ta ce wa mai karatu karatun ya ƙare, ya je ya kafa ƙungiyarsa. Duk falsafar punk ke nan: ba sai ka nemi izinin kowa ba, kuma ba sai ka iya ba tukuna.

Shekara talatin bayan haka mu ma da wannan fatawa muka yi aiki. Takarda na gani a manne a allon sanarwa, an rubuta da alƙalamin maka cewa ana neman mai bes. Na kira lambar don kaɗaici ya ishe ni, na kuma gaya wa wadda ta ɗauka gaskiya, cewa ban taɓa riƙe jita ba. Ta tambaye ni ko ina da ranar Lahadi. Jarrabawar shiga ke nan.

Ɗakin atisayenmu yana saman bene a wata tsohuwar masaƙar ulu, irin waɗanda suka cika garuruwan Yorkshire tun da sana'ar saƙa ta mutu. An buga tsofaffin dardumai a bango da ƙusa don su shanye ƙara, su kuma suka shanye raɓa, ɗakin kullum yana warin rigar da ba ta bushe ba. Da awa ake biya. Akwai hita mai cin tsaba, in kuɗinta ya ƙare sai yatsu su sandare a kan tsirkiya har ka rasa wanne ka danna. Mai waƙarmu ɗalibar aikin jinya ce, 'yar garin, takan rubuta baitoci a damtsenta da biro don ba ta haddacewa, gumi ya wanke rabi, ta cike gurbin da duk abin da ya zo bakinta. Mai jita dogo ne shiru-shiru, rabin lokacinmu yana tafiya ne wurin jiransa ya saita tsirkiya, in ya gama kuma ba ta saitu ba. Mai ganga haifaffen Bradford ne, iyayensa daga Pakistan, yana aiki da dare a shagon abincin kawunsa. Shi matsalarsa gudu. Zai ƙirga huɗu ya fara daidai, kafin a kai amshi ya ƙara wuta, kafin amshi na biyu ya bar mu a baya muna haki. Ni kuwa na lilliƙa farar salatif a wuyan bes ɗina, na rubuta lambobi a kai, ina bin su da ido kamar mai koyon tuƙi. Idan magariba ta yi, ni da mai ganga mu shimfiɗa kwali a lungu mu yi salla, sauran biyun su kashe amsa-kuwwa su fita shan iska. Ba mu taɓa zama mun tsara hakan ba, haka kawai ya zama al'ada.

Sunan ƙungiyar ma bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Duk faɗa sai an canza shi, kuma faɗa ba ya yankewa.

Wasanmu na farko a ɗakin bayan wata mashaya aka yi shi, daren Talata, ƙungiyoyi huɗu a jere. 'Yan kallo su ne 'yan sauran ƙungiyoyin uku da abokansu, sai wani tsoho da karensa wanda na tabbata hanyar banɗaki ya ɓata. Lokacin ba a kai ga hana shan taba a cikin gini ba, sai a Yulin 2007 dokar ta fara aiki a Ingila, don haka hayaƙi ya tokare rufin. Dandamalin katako ne mai santsi, babu darduma. Da mai gangarmu ya fara taka babbar gangar ƙafa, sai ta soma tafiya. Duk bugu ɗaya ta matsa gaba kaɗan, shi kuma yana miƙa ƙafa yana binta, kujerarsa na karkacewa, har ta kusa leƙa bakin dandamali. Sai wani yaro daga cikin 'yan kallo, wanda ba mu san shi ba, ya hau ya zauna ya jingina bayansa da gangar ya tokare ta. A haka ya zauna har muka gama, kowane bugu yana girgiza masa haƙarƙari, yana ta dariya. A waƙa ta uku tsirkiyar mai jita ta tsinke, kafin ya gama zare ido wani daga ƙungiyar da za ta biyo bayanmu ya miƙo masa tasa. Kuɗin ƙofa a gwangwanin biskit aka tara, da aka raba kasonmu ya biya mana motar da ta kwaso ganguna, ya rage na dankali. Mai kula da sauti, wani dattijo da ya ga irinmu ba adadi, bai yaba ba bai kushe ba. Ya ce in za mu dawo mu zo da bulo.

Da labari ya kai gida, yayana ne ya kira. “Malam, an tura ka neman ilimi, ka ɓuge da roƙo?” Na ce, “Yaya, ai ba roƙo ba ne, ba wanda muke wasawa.” Ya ce, “To wa ke ba ku?” Na ce ba kowa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Kada dai Baba ya ji.” Na fahimci abin da ya ɗaure masa kai. A wurinmu kiɗa sana'a ce, galibi ta gado. Yaro yakan daɗe yana ɗaukar kaya yana amshi kafin a bar shi ya buɗe baki, kuma makaɗi yana da ubangida ko taron da yake yi wa. A ce mutum huɗu da ba su gada ba, ba su koya ba, ba su da wanda suke yi wa, su biya kuɗi daga aljihunsu don su yi hayaniya a gaban mutum ashirin, wannan a kunnen yayana bai yi kama da sana'a ba, bai kuma yi kama da hankali ba. Kuma da gaskiyarsa, ba sana'a ba ce. Kuskuren masu kare ɗakunan nan da sunan taurarin gobe shi ne su ma da ma'aunin sana'a suke auna su.

Abin da ɗakin ya koya mana kaɗan ne a cikinsa ya shafi kiɗa. Mun koyi kiran wanda ba mu sani ba mu roƙi gurbi. Mun koyi zana takardar talla, mu kai ta fotokwafi, mu bi sanyi muna mannawa. Mun koyi raba kuɗin da bai kai a yi faɗa a kansa ba, kuma muka yi faɗan, muka shirya don akwai wasa ranar Juma'a kuma ganguna ba sa ɗaukar kansu. Wanda ya fi duka, mun koyi tsayawa a gaban mutane mu kwafsa, a yi mana dariya, gari ya waye mu ga ba mu mutu ba. Makaranta ba ta koyar da wannan, don a can kwafsawa maki take ci. Wurin aiki ma ba ya koyarwa, don a can abinci take ci. Saurayi ko budurwa 'yan shekara sha tara suna buƙatar wuri ɗaya a gari inda faɗuwa ba ta da tsada, inda kuma ba babba ne ya shirya musu komai ya ce su zo su zauna ba.

Akwai kuma abin da ya shafe ni a matsayina na baƙo. Shekarun nan ba masu daɗi ba ne ga Musulmi a can. Tarzomar Bradford ta Yulin 2001 ba ta gama hucewa ba, sai ga harin bama-bamai na Landan a Yulin 2005, mutum ya shiga bas da jaka a baya ya ga ana matsawa. A garin da nake, ɗakunan nan ne kaɗai wurin da ba a tambaye ni takarda ko shaidar ƙwarewa ba, ba a kuma gayyace ni don a cike gurbin baƙar fata a hoto ba. Ana buƙatar mai bes, ni kuma ga ni. Wannan ma yana da tarihi. Ƙungiyar Rock Against Racism, mai yaƙi da wariyar launi ta hanyar kiɗa, ta kafu a 1976 bayan shahararren makaɗin jita Eric Clapton ya yi kalaman ƙin baƙi a kan dandamali a Birmingham, kuma ranar 30 ga Afrilun 1978 dubban mutane suka yi tattaki daga dandalin Trafalgar zuwa Victoria Park, inda The Clash da X-Ray Spex suka haɗa dandamali da 'yan reggae na Steel Pulse. Mai waƙar X-Ray Spex, Poly Styrene, mahaifinta ɗan Somaliya ne. A gidan Roxy na Landan, Don Letts, ɗan asalin Jamaika, shi ke sa wa 'yan punk faya-fayan reggae tsakanin wasa da wasa. Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba: a farkon zamanin akwai waɗanda suka rataya tambarin 'yan Nazi don su tsokani iyayensu, akwai ɗabi'ar tofa wa makaɗa yawu, akwai 'yan wariyar launi da suka riƙa kutsawa taro da faɗa, kuma ƙwaya ta kashe Sid Vicious, mai bes na ƙungiyar punk ta Sex Pistols, a 1979 yana ɗan shekara 21. Amma a cikin ɗakunan aka yi wannan rigima, a cikinsu kuma aka fi ƙarfin masu wariyar, don ƙaramin ɗaki ba ya barin ka ƙi mutum daga nesa.

Masu hujjar taurari suna da labari ɗaya da suka fi so, kuma labari ne mai kyau. Ranar 4 ga Yunin 1976 wasu ɗalibai biyu, Howard Devoto da Pete Shelley, suka gayyato Sex Pistols wani ƙaramin zaure na Free Trade Hall a Mancesta. Mutanen da suka zo ba su wuce arba'in ba a yawancin ƙiyasi, amma a cikinsu akwai waɗanda daga baya suka kafa shahararriyar ƙungiyar Joy Division, akwai Morrissey wanda ya zama mawaƙin The Smiths. Su masu gayyatar, 'yan Buzzcocks, suka ranto kimanin fam 500 wurin 'yan uwa da abokai suka buga faifansu da kansu a Janairun 1977, abin da ya buɗe wa ɗaruruwan ƙananan kamfanonin faifai hanya. To amma a duba abin da ya zaburar da mutanen nan. Ba gwaninta suka gani ba. Sun ga samari sa'o'insu a kan dandamali waɗanda ba su fi su iyawa da wani abin kirki ba, sai kowa ya ce ashe ni ma zan iya. Da gwanaye aka kawo musu, da sun tafa sun koma gida. Wato ko taurarin ma rashin iyawar wasu ne ya haife su. Yau ginin Free Trade Hall otal ne. CBGB kuwa ya rufe a Oktoban 2006 bayan rikicin kuɗin haya, aka mai da wurin kantin tufafi masu tsada.

Haɗarin jingina komai a kan taurari shi ne, amsarsa a shirye take. Za a ce ai yanzu ga waya ga intanet, yaro zai ɗauki waƙa a ɗakin kwanansa ya watsa wa duniya, kamfanoni ma a can suke farauta. In dai fitar da taurari ne aikin, to an sami injin da ya fi ɗaki sauri, a rufe ɗakin a gina gidajen haya. Amma waya ba ta yin abin da ɗaki ke yi. A waya kai kaɗai ne, ba wanda zai miƙo maka jita, ba wanda zai tokare maka ganga. Sannan intanet ba ta mantuwa. Da a ce an ɗauki wasanmu na farko an watsa, da har yau yana nan ana turawa ana dariya, da kuma mai waƙarmu ba ta sake hawa dandamali ba. Ɗaki mai mutum ashirin yana ganin abin kunyarka, ya yi dariya, zuwa mako mai zuwa ya manta don wani ya zo ya yi wanda ya fi naka. Wannan mantuwa rahama ce, kuma yaran yanzu an raba su da ita.

Sai maganar maƙwabta, wadda ba zan raina ba, don barci haƙƙi ne. Ma'aikaciyar da za ta fita aikin asuba ba ta ci bashin kowa ba da za a ce ta kwana tana jin mai gangarmu. Sai dai a tambaya wa ya tarar da wani. Gidan Night & Day da ke Mancesta yana kiɗa tun 1991. A Nuwamban 2021 majalisar birnin ta ba shi takardar gargaɗin hayaniya bayan ƙorafin wanda ya tare a gidan da ke manne da shi a lokacin kullen korona, sa'ar da ko'ina yake tsit. Sai a Maris na 2024 kotu ta yanke cewa ya ci gaba da aiki da wasu sharuɗɗa, bayan an ɓarnatar da kuɗi da lokaci. Tun 2018 tsarin gine-gine na Ingila ya amince da ƙa'idar cewa wanda ya kawo sauyi shi zai ɗauki nauyinsa, wato in ka gina gidajen kwana a jikin gidan kiɗa, kai za ka sa abin tare ƙara. Ƙa'ida ce mai adalci, amma jagora ce ga masu ba da izinin gini, ba ta da haƙoran cikakkiyar doka. Abin takaici kuma, sau da yawa hayaniyar unguwar ce ta sa ta yi farin jini har masu gini suka shigo, sannan su juyo su ce a yi shiru.

Hukuma a ko'ina tana da saurin ɗaukar taron matasa masu ƙara a matsayin matsalar tsaro. 'Yan sandan Landan sun shekara goma sha biyu, daga 2005 zuwa 2017, suna tilasta wa masu shirya wasa cike wata takarda mai lamba 696, wadda ta fi faɗawa kan kiɗan baƙaƙen fata, kafin a soke ta. Mu ma ba sai mun je nesa ba. Abin da ya fi kama da punk a rayuwar Bahaushe shi ne tashe: yara su ɗaura tsumma, su sami gwangwani da sanda, ba gado ba ubangida, su bi gida-gida cikin azumi suna kwaikwayon manya, wanda ya iya da wanda bai iya ba duk a sahu ɗaya. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da shi saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa a ciki. Matsalar gaskiya ce, ba wanda ya ce ƙarya ne. Amma ɗan daba bai rasa komai ba da aka hana, yana da dararen sauran watanni goma sha ɗaya. Wanda ya rasa shi ne yaro ɗan shekara goma da ba a taɓa barinsa ya tsaya gaban manya ya buɗe murya ba.

Akwai abin da na san zai tsaya wa mai karatu a maƙogwaro, ni ma ya tsaya mini: yawancin ɗakunan nan a jikin mashaya suke. Ni da mai ganga ba ma sha, amma mun san sarai cewa ko za a sake kiranmu ya danganta ne da yawan abin da abokan wasu suka sha a daren. Kuɗin ƙofa ba ya riƙe gida. Rahoton Music Venue Trust na 2023 ya nuna ribar irin waɗannan wurare ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuwa asara suka tafka, kuma kiɗan kansa faɗuwa ake yi a kansa, sayar da abin sha ke cike ramin. Wannan ni a wurina dalili ne na a tallafa, don a raba ɗakin da kwalba. Ɗakin da ke rayuwa da giya ba ya iya buɗe wa ɗan shekara sha biyar ƙofa, ba ya kuma jawo 'yar gidan da ba a sha. An gwada wata hanyar, ta kuma yi aiki. Gidan da ke lamba 924 a titin Gilman na garin Berkeley a Amurka ya buɗe a ƙarshen 1986, 'yan sa kai ke gudanar da shi, ba giya, ba ƙwaya, ba iyakar shekaru, kuma yana nan har yau. A Bradford akwai 1 in 12 Club, wanda marasa aikin yi da abokansu suka kafa a 1981, 'yan ƙungiya ke tafiyar da shi da kansu a gininsu. Sunansa ma tsokana ce ga wani rahoton gwamnati na lokacin da ya ce ɗaya cikin kowane mutum 12 masu karɓar tallafi maguɗi yake yi.

To wa zai biya? Kuɗin yana nan, ba a ɓoye yake ba. Gidan opera na Covent Garden a Landan yana karɓar sama da fam miliyan 20 duk shekara daga asusun raya fasaha na Ingila, kuma ban ce a hana shi ba, na dai ce ƙasar da ta yarda ta biya wa gwanaye ba ta da bakin cewa kiɗa ba aikin hukuma ba ne. Faransa tana cire kashi 3.5 cikin ɗari daga kuɗin tikitin wasanni ta zuba a cibiyar kiɗa ta ƙasa, daga nan a rarraba wa manya da ƙanana. A Birtaniya, kwamitin al'adu na majalisar dokoki ya ba da shawara a Mayun 2024 cewa a ɗora ɗan kaso a kan tikitin manyan filaye a mayar wa ƙananan gidaje, abin da aka fi ambata shi ne fam ɗaya a kowane tikiti. Gwamnati ta goyi baya, amma ta bar shi a matsayin ganin dama. Wasu ƙungiyoyin kiɗa sun ga damar: Enter Shikari sun ba da fam ɗaya a kowane tikiti a rangadinsu na 2024, Coldplay sun yi alkawarin kashi 10 cikin ɗari na abin da suka samu a wasanninsu na Wembley da Hull a 2025. Allah ya saka, amma gidan da ake bin sa haya duk wata ba zai dogara da ranar da attajiri ya tashi da farin ciki ba. Fam ɗaya a kan tikitin da ya haura fam ɗari ba zai hana kowa zuwa kallo ba. A mai da shi doka.

Inda na fi jin tsoro shi ne ranar rabo. In an tara kuɗin da sunan taurarin gobe, da wannan sunan za a raba shi. Za a zo da fom, a tambayi kowane gida mawaƙa nawa ya fitar da suka shiga rediyo, sai kuɗin ya gangara wurin matsakaitan gidaje masu ɗaukar mutum ɗari biyar, masu ma'aikacin da ya iya cike fom, waɗanda ba sa ba ka dandamali sai ka nuna yawan mabiyanka a Instagram. Ɗakin bayan mashaya mai daren Talata, da tsohuwar masaƙa mai dardumai a bango, ba za su ga ko sisi ba, don ba su da abin nunawa sai irinmu. Ni da za a tambaye ni, tambayar fom ɗin ɗaya ce: mutum nawa ne suka hau dandamalinka karo na farko a rayuwarsu a bana? Duk gidan da zai karɓi tallafi a ɗaura masa sharaɗin ware dare ɗaya a mako ga wanda bai taɓa yi ba, ba tantancewa, ba giya, ƙofa a buɗe ga 'yan ƙasa da sha takwas, a ajiye ganguna da amsa-kuwwa na gida don kada rashin kayan aiki ya tsayar da ɗan talaka. A sa ɗakunan atisaye a cikin lissafi, don kafin dandamali su ake fara nema.

Kaso mai tsoka kuma a saye gine-gine da shi. Sama da kashi 90 cikin ɗari na gidajen nan 'yan haya ne, shi ya sa ko suna cika maƙil, ranar da mai gini ya sami tayin da ya fi, magana ta ƙare. A 2023 wani asusu da masu son kiɗa suka tara da hannun jarinsu ya sayi ginin The Snug, wani ɗan ƙaramin gida a garin Atherton kusa da Mancesta, ya ba masu gudanar da shi haya mai sauƙi ta dogon zango, da yarjejeniyar cewa kiɗa za a ci gaba da yi a wurin. Gidan mutum ɗari kacal yake ɗauka.